Yadda mai juna biyu za ta kula da haƙoranta, daga watan farko har zuwa arba'in

Tambayar nan ta yawaita a bakin mata masu ciki, a layin awo da gidajen suna: "Tun da na samu ciki dasashina yake zubar da jini, me zan yi?" Wata kuma turmi ne ya hana ta barci, amma manya a gida sun ce ta daure sai ta sauka, wai ba a taɓa haƙorin mai ciki. Daga Ngaundere zuwa Garwa, Marwa har Kuseri, amsar da ake ba su kusan ɗaya ce: ki yi haƙuri, na ciki ne, in kin haihu zai wuce. Kumburin dasashi yakan ragu bayan haihuwa, wannan gaskiya ne. Amma ramin da ya buɗe a haƙori ba ya rufewa don an haihu, zurfi yake ƙarawa, kuma wata tara ya ishi ƙaramin rami ya kai ga jijiya.

Ana kuma cewa kowace haihuwa tana tafiya da haƙori ɗaya, domin jariri yana tsotse ƙarfin haƙoran uwarsa. Ba haka abin yake ba. Kalsiyam ɗin da ɗan tayi yake gina ƙashinsa da shi daga abincinki yake zuwa, in bai wadata ba jiki ya ɗebo daga ƙasusuwanki. Ba a ɗiba daga haƙori. Abin da yake cin haƙoran mai ciki shi ne amai, da yawan ciye-ciyen zaƙi, da barin goge baki saboda kasala da tashin zuciya, sai kuma jinkirin zuwa asibiti. Ga yadda za ki bi da su, daki-daki.

1. Duba bakinki da zarar kin tabbatar da ciki

Ki wanke hannu, ki ɗauki madubi ki fita tsakar gida da safe inda haske yake, ko ki kunna fitilar waya. Ki ɗaga leɓe na sama, ki ja na ƙasa. Lafiyayyen dasashi yana da ƙarfi, ya manne wa haƙori, ba ya sheƙi. Launinsa ba abin damuwa ba ne, da yawanmu namu baƙi ne ko mai dabbare-dabbare tun haihuwa. Abin da kike nema shi ne gefen da ya kumbura ya yi ja, ko wurin da yake jini in kin ɗan danna.

Sannan ki buɗe baki sosai ki dubi turame ɗaya bayan ɗaya: baƙin ɗigo, rami, haƙorin da ya ɓare, tsohon ciko da ya fita. Ki dubi bayan haƙoran gaba na ƙasa, nan ne datti ya fi daskarewa ya zama tsakuwa mai ruwan ɗorawa. Ki kurɓi ruwan randa mai sanyi ki riƙe a baki, ki lura wane haƙori ne ya amsa. Duk abin da kika gani ki rubuta a takarda ki saka cikin katin awo.

Gargaɗi: kada ki sa allura, fil ko tsinken ashana ki tona rami don ki ga zurfinsa.

2. Haɗa kayan aiki

Buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai. A jikin takardarsa za ki ga an rubuta "souple" ko "soft". Mutane sun fi son mai tauri saboda suna jin kamar ya fi fitar da datti, alhali shi ne yake kankare dasashi ya ja shi baya. In ba ki samu mai laushi na manya ba, ki sayi na yara, ya ma fi dacewa da mai tashin zuciya.

Man goge baki mai fuloraid. Ki juya kwalin ki nemi lambar da take nuna yawan fuloraid ɗin, tsakanin 1000 da 1500 ppm. Yawancin na manya 1450 ne. Wanda ba a rubuta masa komai ba ki ajiye shi, komai ƙamshinsa. Fuloraid ne yake ƙarfafa fatar haƙori bayan tsami ya taɓa ta, kuma ba ya cutar da ciki tunda tofarwa ake yi.

Sai gishirin girki, da ɗan ƙullin bikarbonat (farin garin da yake kashe tsami a baki bayan amai) daga farmasi, da zaren sakace in kin samu. Buroshi da man goge baki kuɗinsu bai wuce na 'yan ɗaruruwan sefa kowanne ba, bututu ɗaya kuma yana kai ki makonni. Buroshi a canja shi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje. Kada ki haɗa da kowa, ko da maigida ne, kuma ki ajiye shi a tsaye inda zai bushe, nesa da ƙuda.

Gargaɗi: bikarbonat daban, sodar da ake haɗa sabulu da ita daban. Sodar sabulu tana ƙone baki da maƙogwaro nan take. Kanwa ma ba ta maye gurbinsa. Ki saya a farmasi, kada ki karɓi farin gari a ƙulle daga hannun wanda bai san bambancin ba.

Wata magana ga matan da suka tashi a yankin Mayo Tsanaga da wajajen Meri. Ruwan rijiyoyi da burtsatse na wasu garuruwan can yana da fuloraid fiye da kima, shi ya sa za ki ga manya da yara da haƙora masu tabon ruwan ƙasa. Wannan tabo tun ƙuruciya ya shiga cikin haƙorin, ba datti ba ne. Kada ki dirje shi da gawayi, toka ko yashi, ba zai fita ba, fatar haƙorin kawai za ki cinye.

3. Goge baki: sau biyu, na dare ya fi muhimmanci

Nan ne aikin yake. Ciki yana ƙara wasu sinadarai a jini da suke sa dasashi saurin kumbura, har ɗan dattin da da can ba ya yi miki komai yanzu ya sa shi jini. Abin yakan fara daga wata na biyu ko na uku, ya fi tsanani wajen wata na takwas. Maganinsa shi ne kada a bar dattin ya kwana a gindin haƙori.

Ki sa man goge baki gwargwadon ƙwayar wake. Ki karkata buroshi yadda rabin gashinsa yake kan haƙori, rabi yana taɓa gefen dasashi. Ki riƙa ɗan jujjuya shi a hankali, haƙori biyu biyu, ba goga mai tsawo daga wannan kunci zuwa wancan ba. Ki fara da turmin ƙarshe na sama a dama, ki bi ta waje har hagu, ki dawo ta ciki, sannan saman da ake tauna. Ki sauko ƙasa ki yi haka. Bayan haƙoran gaba ki tsayar da buroshin ki goge da bakinsa. Minti biyu cikakku, ki duba agogon waya a kwanakin farko, za ki ga ashe da can rabin minti kike yi. In kin gama ki tofar da kumfar, kada ki kurkure da ruwa, ki bar ɗan abin da ya rage ya yi aikinsa a kan haƙora.

Na safe kowa yana yi. Na dare ne ake bari, musamman in ciki ya tsufa, an yi sallar isha'i jiki ya mutu. To da dare yawu yake raguwa, kuma yawu ne yake wanke tsami daga haƙora. Shawarata ki ajiye buroshi kusa da butar alwala, ki goge da zarar kin gama alwalar isha'i in kin riga kin ci abinci. Bayan haka ruwa kawai.

Kuskuren da ya fi yawa: mace ta ga jini a kumfa sai ta tsorata ta daina taɓa wurin. Wurin da yake jini shi ya fi buƙatar gogewa. Ki ci gaba a hankali, cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin yakan ragu sosai. In bai ragu ba, akwai tsakuwar datti a ƙarƙashin dasashi da buroshi ba ya iya fitarwa, sai asibiti.

Tsakanin haƙora kuma, inda naman kilishi da zaren mangwaro suke maƙalewa, zaren sakace ya fi. Ki zura shi a hankali, ki lanƙwasa shi jikin haƙori ki ja sama da ƙasa, sau ɗaya a rana. Tsinken tsintsiya yana soke dasashi ya buɗa gibi.

Asuwaki fa? Ki riƙe shi. Sunna ce, kuma wanda ya iya amfani da shi yana fitar da datti ƙwarai. Ki tauna bakinsa har ya yi laushi, ki bi gefen dasashi da shi a hankali, ki riƙa yanke bakin da ya tsufa, ki wanke shi ki shanya. Gazawarsa biyu ce: da wuya ya kai bayan turame na ciki, kuma ba ya ba ki fuloraid irin na man goge baki. Don haka asuwaki da rana wajen alwala, buroshi safe da dare.

4. Kwanakin laulayi

Amai yana fito da tsamin ciki, tsamin nan kuma yana tausasa fatar haƙori na ɗan lokaci. In kika ɗauki buroshi nan take, fatar kike gogewa. Mata da yawa suna yin haka saboda ɗacin baki, kuma bayan watanni sai haƙoran gaba su fara tsami da ruwan sanyi, gefensu ya yi siriri.

Ga tsarin. Da kin gama amai ki kurkure da ruwa. Ki narka ƙaramin cokali ɗaya na bikarbonat a kofin ruwa, ki kurkure ki tofar, kada ki haɗiye. In babu bikarbonat, ruwan kawai ya wadatar, ki maimaita. Ki jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ki goge. In ɗacin ya dame ki, ki ɗan shafa man goge baki da yatsa a kan haƙora ki tofar. Haka za ki yi da ƙwannafin da yake taso da ruwan tsami a watannin ƙarshe.

In buroshin ne da kansa yake tayar miki da zuciya, kada ki daina, ki canja dabara. Ki matsar da gogewar safe zuwa hantsi lokacin da zuciya ta kwanta. Ki koma ƙaramin buroshi, ki sunkuyar da kai gaba yadda kumfa ba za ta gangara maƙogwaro ba, ki fara da haƙoran gaba ki bar turame a ƙarshe, ki riƙa numfashi ta hanci. In ƙamshin na'ana'a ne matsalar, ki gwada wani iri. In duk sun ƙi, ki goge da ruwa zalla na 'yan kwanaki, ya fi bari gaba ɗaya.

Masu tsartar da yawu kuma su yawaita shan ruwa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa suke haura digiri 40, baki yana bushewa da sauri, busasshen baki kuwa ya fi saurin ruɓar haƙori.

Gargaɗi: aman da ya hana ki riƙe ko ruwa na yini guda, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ya wuce maganar haƙori. Ki tafi asibiti a ranar.

5. Kwaɗayi da abin da kike sa wa baki

Ba zan ce ki daina shan zaƙi ba, na san ba mai yiwuwa ba ne ga mai kwaɗayin ciki. Abin da nake so ki gane shi ne yawan lokutan sun fi yawan sukarin illa. Duk sanda zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke kan haƙora suna mai da shi tsami, haƙora su yi kamar rabin awa cikin wannan tsamin kafin yawu ya gyara. Wadda ta sha shayinta mai sukari tare da abincin safe ta gama, sau ɗaya haƙoranta suka sha wahala. Wadda ta ajiye fulas a gefe tana kurɓa daga hantsi har la'asar, ko tana tsotsar alewa don kashe ɗacin baki, haƙoranta ba su huta ba duk yini.

Saboda haka ki haɗa zaƙi da lokacin cin abinci: kunu, shayi, zoɓo, lemon kwalba, dabino, duk a sha a zama ɗaya, a bi da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a rana ga babba, in an tsaya a 6 ya fi. Ki ƙirga cokulan da suke shiga shayi da kunu da fura a gidanki, za ki ga inda za ki rage. Shayi kuma yana hana jiki karɓar maganin ƙarin jini da ake ba ki a awo, don haka ki raba su da awa ɗaya ko biyu.

Tsami ma haka yake. Ɗanyen mangwaro da gishiri, tsamiya, lemon tsami, ruwan zoɓo mai kauri, duk suna cin fatar haƙori kai tsaye. Ki ci ki ƙare, ki kurkure, kada ki riƙe a baki kina tsotsa, kuma kada ki goge nan take.

Tsakanin abinci in yunwa ta taso, ga gyaɗa, dafaffen ƙwai, kindirmo ba sukari, kokwamba, karas. Abin da yake gina ƙashinki da haƙoran jaririn kuwa yana kasuwarmu: nono da kindirmo da aka dafa madararsu, ƙananan busassun kifin Lagdo da Maga da Logon da ake ci har da ƙayarsu, miyar kuka, zogale, riɗi, wake. Haƙoran jariri suna fara samuwa tun mako na shida na ciki, suna fara tauri wajen wata na huɗu, tun ba ki gama jin motsinsa sosai ba. In an ba ki ƙwayar kalsiyam a awo, ki sha ta a lokaci daban da ta ƙarin jini. Maganin ƙarin jini na ruwa yana baƙanta haƙora; ki kurkure bayan kin sha, tabon kuma yana fita in an wanke a asibiti, kada ki daina shan magani saboda shi.

Gargaɗi a kan kalaba da farar ƙasa da tauna ƙanƙara: suna goge haƙora, suna tsattsage su, ƙasar kuma tana iya ɗauke da dalma da ƙwan tsutsa. Sha'awarsu mai ƙarfi sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Ki faɗa wa malamar awo ba kunya, a gwada jininki. Taba gari da furen taba a bar su gaba ɗaya, goro kuma a rage.

6. Zuwa wurin likitan haƙori

A zuwanki awo na farko ki nuna wa malamar awo takardar da kika rubuta, ki ce ta duba bakinki ta tura ki. Ba kowace cibiyar lafiya ce take da kujerar haƙori ba. Manyan asibitocin yanki na Garwa, Marwa da Ngaundere suna da sashen, za ki ga an rubuta "Stomatologie" ko "Cabinet dentaire" a ƙofa. In daga ƙauye kike, ki haɗa tafiyar da ranar da za ki shigo gari yin hoton ciki ko gwajin jini, kuɗin mota ɗaya ya yi aiki biyu.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne wata na huɗu zuwa na shida: laulayi ya lafa, ciki bai yi nauyin da zai hana ki zama a kujera ba. Amma wannan na aikin da zai iya jira ne. Ciwo mai tsanani, kumburi ko mugunya ana yi musu magani a kowane wata, daga na farko har na tara. Mugunyar da take zaune a muƙamuƙi, da zazzaɓi, da rashin cin abinci, da shan magunguna barkatai, su ne haɗari ga ciki. Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi, irin lidokayin, an daɗe ana yi wa masu ciki lafiya lau. Hoton haƙori ma haskensa kaɗan ne ƙwarai kuma nesa yake da mahaifa; in likita ya ce sai da shi, ki yarda. Bincike da dama sun ga cewa mata masu tsananin ciwon dasashi sun fi yawan haihuwar bakwaini da ƙananan jarirai. Ba a tabbatar cewa wanke haƙori kaɗai yana hana hakan ba, amma ya isa dalilin da za a daina raina ciwon.

Kafin ki zauna ki faɗa masa watanninki, da duk maganin da kike sha har da na gargajiya, da ko kina da hawan jini, ciwon sukari, sikila, ko kin taɓa ɓari ko zubar jini. Ki riƙe katin awo a hannu. Ki ci ɗan abinci kafin ki je. Daga wata na shida, kwanciya rigingine tana sa ciki ya danne babbar jijiyar jini, sai jiri da zufa. Ki naɗe zane ki tokare ƙugunki na dama da shi don ki karkata hagu, in kin ji jiri ki ɗaga hannu a tayar da ke.

Maganar kuɗi. Takardar "chèque santé" ta sefa 6,000 da ake saya a yankunan arewa an tsara ta ne don awo, haihuwa da matsalolinsu, saboda haka ki ware kuɗin haƙori daban tun farkon ciki, kamar yadda ake ware na kayan jariri. Dubawa ita ce mafi araha. Wankin tsakuwar datti, wanda suke kira "détartrage", da ƙaramin ciko, da cirewa, suna biye. Kashe jijiya shi ya fi tsada, kuma galibi sai an je fiye da sau ɗaya. Ramin da za a cike yau a zama ɗaya, in aka bar shi har arba'in, kuɗinsa ya ninka ko haƙorin ya tafi. Ki nemi a faɗa miki farashi kafin a fara, ki biya a wurin karɓar kuɗi ki amshi rasit. Asibitin gwamnati da na mishan sun fi na kuɗi sauƙi. Maigida, wannan sakin layin naka ne: in ta ce haƙori yana damunta, ka ba ta izini da kuɗin mota a makon, kada ka ce sai ta sauka.

Abin ado, irin sa haƙorin Makka ko faranta haƙora, a bar shi sai bayan haihuwa.

Gargaɗi: kada ki kai bakinki wurin mai cire haƙori na kasuwa ko wanzami. Ƙarfen da ya shiga bakin wani bai dahu a injin kashe ƙwayoyin cuta ba yana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, su kuma suna iya kaiwa ga jariri. Sau da yawa kuma saiwar takan karye ta zauna a ciki.

Wasu matan, galibi a tsakiyar ciki, sukan ga wani jan tsiro ya fito a dasashi tsakanin haƙora biyu, yana jini da an taɓa. Ba daji ba ne a mafi yawan lokuta, kuma yakan motse bayan haihuwa. A nuna wa likita ya tabbatar. Kada a ɗaure shi da zare, kada a yanke.

7. In ciwo ya taso cikin dare

Ki kurkure da ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokalin gishiri, ki fitar da abincin da ya maƙale da buroshi ko zare. Ki sha parasitamol: ƙwaya biyu masu 500 mg, a bar aƙalla awa shida kafin a ƙara, kada a wuce ƙwaya takwas a yini da kwana. Ki ɗaga kai da matashi biyu. Tsumma mai sanyi a kunci yana taimakawa. Ƙwayar kanumfari ɗaya a gefen haƙorin tana ɗan rage raɗaɗi. Duk wannan don ki kai safiya ne. In ciwon ya lafa da kansa bayan kwanaki na azaba, wataƙila jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma tana tafe, don haka ki je ko da ya yi shiru.

Abin da ba za ki sha ba: ibufurofen, dikulofenak da asfirin na ciwo, musamman daga wata na biyar zuwa sama, domin suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi da jijiyar zuciyarsa, su rage ruwan mahaifa. Ƙaramin asfirin da likita yake rubuta wa wasu masu haɗarin hawan jini daban ne, wannan ki ci gaba da shi yadda aka ce. Ki kula da ƙwayoyin haɗi na masu tallar magani a faranti ko a kan babur, da yawansu parasitamol ne a gauraye da ibufurofen ko dikulofenak. Tiramol kada ki kusance shi.

Kafso ɗin tetirasiklin da doksisiklin suna shiga haƙoran jaririn da suke samuwa, su fito da launin toka ko ruwan ƙasa. Akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace da mai ciki, irin amoksisilin, amma likita ne zai rubuta, kuma shi kaɗai ba ya warkar da haƙori. Yana kwantar da kumburi ne kafin a yi aikin.

Kada a ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙone shi fari fat. Kada a ɗiga fetur, turare, ruwan batir ko man kanumfari mai ƙarfi a rami. Hayaƙin da ake turarawa wai don tsutsa ta faɗo ma ɓata lokaci ne, babu tsutsa a cikin haƙori.

8. Alamun da ba a kwana da su

Kumburin da ya kama kunci har ya doshi ido, ko ya sauko ƙarƙashin haɓa da wuya. Zazzaɓi tare da ciwon haƙori. Baki ya ƙi buɗuwa fiye da faɗin yatsa biyu. Haɗiya ta yi wuya, yawu yana dalala, murya ta canja, ko numfashi ya fara tsukewa. Ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana, a nemi abin hawa a tafi sashen gaggawa na babban asibiti, ko da tsakar dare ne. Mugunyar turmin ƙasa tana iya bin ƙarƙashin harshe ta toshe hanyar iska cikin awoyi. Kada a gasa kumburin da ruwan zafi, kada a tsaga shi a gida.

Jinin dasashi da yake zuba da kansa ba tare da an taɓa ba, ko yana tare da jinin hanci da tabo a fata, shi ma a je asibiti a ranar.

9. In an cire miki haƙori

Ki cije audugar da aka sa miki rabin awa, ba magana ba tofi. Yini da kwana na farko kada ki kurkure, kada ki tsotsi wurin, kada ki sa harshe ko yatsa, domin gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa. Kunu da shayi a bari su huce. Ki ci mai laushi ta ɗaya gefen. Daga washegari ki riƙa kurkurewa a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane abinci, har mako guda, sauran haƙora kuma ki ci gaba da goge su. In jini ya dawo, ki naɗe tsabtatacciyar auduga ki cije wani rabin awa kina zaune. In bai tsaya ba, ko ciwo ya ƙaru da wari a kwana na uku, ki koma.

10. Jego

Kwanakin jego ne buroshi ya fi ɓacewa: ga wanka, ga baƙi, ga rashin barci, ga kunu mai sukari safe da yamma. Ki sa buroshinki da man goge baki a cikin jakar haihuwa tun wata na takwas. Shayarwa ba ta hana ciko ko cire haƙori ko allurar kashe zafi, ki dai faɗa wa likita kina shayarwa. In dasashi bai daina jini ba bayan wata biyu da haihuwa, ko tsiron nan bai motse ba, ko akwai aikin da aka ɗage, ki haɗa shi da ranar kai jariri rigakafi.

Ƙwayoyin cutar da suke ruɓar da haƙori suna bin yawu daga bakin uwa zuwa na ɗa. Kada ki tauna masa abinci, kada ki lashe cokalinsa ki mayar masa. Haƙorinsa na farko yakan fito wajen wata shida. Daga ranar ki fara goge masa da ƙaramin buroshi mai laushi, da ɗan shafen man goge baki da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, safe da dare.